Wayar da Aka Ɗinke da Allura

Akwai wani kafinta da na yi maƙwabtaka da shi shekaru masu dama, tun kafin ƙafa ta ɗauke ni zuwa wasu wurare. Lokacin da na san shi tsufa ya riga ya sa ya rage aiki, amma bai rabu da kayan aikinsa ba. Yana da wani ɗan ɗaki a gefen ƙofar gidansa, bangon ɗakin duk ƙusoshi ne, kowace ƙusa da abin da aka rataya mata: zarto, guduma, filaya, sifana manya da ƙanana. A ƙasa kuma ga tsani, ga baro, ga injin yanka katako, ga injin huda bango mai aiki da lantarki.

Na daɗe ina son in ba ku labarinsa a wannan shafi. Abubuwa sun fara zame mini yanzu, wani lokaci nakan shiga ɗaki in tsaya ina tunanin abin da ya kawo ni. Amma wannan labarin bai zame ba, sai dai 'yan gefe-gefensa.

Baba Kafinta, kamar yadda kowa yake kiransa, ba ya hana aro. Mai shago ya zo, mai haya ya zo, wanda jiya ya tare a layin ya zo, duk zai ba su. Sharaɗinsa ɗaya ne. Idan ka dawo da abu, sai ka tsaya. Zai karɓa ya juya shi gaba da baya. In inji ne, sai ya jona shi da wuta ya saurari ƙararsa, sannan ya warware wayar ya bi ta da yatsunsa tun daga kai har ƙarshe. Sai ya gama zai rataye, ya ce maka ka gai da gida.

Wasu sukan ji haushi.

"Baba, ai ba cinye shi na yi ba."

"Ban ce ka cinye ba," yakan ce. "Wanda zai ara bayanka nake duba wa."

Mutum ɗaya ne kawai ba a yi wa wannan bincike. Shi ne Tela, wanda shagonsa yake kallon ɗakin kayan, titi ne kaɗai ya raba su. Abokai ne na shekara talatin, ko ma fiye, ban riƙe adadin ba. Kullum da yamma Kafinta yakan tsallaka ya zauna a bencin Tela, su yi ta tsokanar juna. Tela yana ce masa Mai Ƙusa, shi kuma yana ce masa Mai Allura.

In Tela ya dawo da abin aro, Kafinta yakan tambaye shi da baki kawai. In ya ce lafiya, an gama, sai ƙusa. Maganar Tela ita ce binciken. Wannan yarda ce labarinmu yake kanta.

Tela kuwa mutumin kirki ne, kada ku ɗauka mugu ne. Amma yana da wani abu guda. Yana alfahari da cewa shi bai taɓa mayar da abin aro da lahani ba. In ya ga Kafinta ya tsayar da wani yana nuna masa haƙorin zarton da ya karye, sai ya leƙo daga shago ya ce:

"Ku 'yan zamani ba ku iya aro ba. Ni abin da na ara, sai na mayar da shi ya fi yadda na karɓe shi kyau. Ku tambayi Mai Ƙusa."

Kafinta sai ya yi murmushi ya ce gaskiya ne. Kuma gaskiyar ce, har zuwa ranar da zan gaya muku.

Wata shekara ruwan sama ya dami Tela. In an yi ruwa da iska, sai feshi ya shigo har kan keken ɗinki, ya jiƙa yadin mutane. Ya sayo kwanon rufi guda uku da katako, zai kafa 'yar rumfa a bakin shago. Ya tsallaka da safe.

"Mai Ƙusa, ara mini injin huda bangon nan naka."

"Kai da duk kayan aikinka ba su wuce a ɗauka da yatsa biyu ba? Bari in zo in huda maka."

"Da wannan bayan naka? Ka hau tsani ka maƙale, a ce ni na kashe ka. Ba ni kawai."

Kafinta ya yi dariya ya sauko masa da shi. Ya nuna masa inda ake riƙewa, ya ce ya kula da wayar, kada ya bar ta a ƙarƙashin ƙafa. Daga nan ya tafi duba wata ƙanwarsa da ba ta da lafiya, sai yamma zai dawo.

Tela ya huda ramuka biyar lafiya. Yana kan na shida sai kwano ɗaya da ya jingine a bango ya sulluɓe, bakinsa mai kaifi ya sauka a kan wayar. Aka ji ƙara kaɗan, tartsatsi ya tashi, inji ya yi shiru.

Ya sauko, ya cire wayar daga soket, ya duba. Kwanon ya yanke robar, ya tsinke ɗaya daga cikin wayoyin ciki, ɗayar kuma ya feƙe ta. Wurin bai kai kamu biyu daga jikin injin ba.

Ya waiga titi. Babu wanda ya gani.

A nan ne ya yi kuskuren da ban taɓa jin wani ya yi irinsa ba, don sai tela ne zai yi shi. Mai gyaran wuta yana can ƙarshen layi, tafiyar minti biyar. Amma mai gyaran wuta yana cikin waɗanda Tela ya sha yi wa gori a kan aro. Sai ya ɗauki injin ya shige shago ya saki labule.

Ya murɗe siraran wayoyin ya haɗa su. Ya yanko ƙyalle ya naɗe kowace ita kaɗai, don kada su taɓa juna. Sannan ya nemo wani baƙin yadi mai santsi, irin wanda ake yi wa riga shafi da shi, ya yanka shi siriri, ya naɗe duka, ya zauna da allura da baƙin zare ya bi shi da ɗinki ƙanana-ƙanana, a matse. Da ya gama ya goga masa kakin kyandir, ya murza da yatsa har ya yi sheƙi kamar roba.

Ya jona. Inji ya tashi kamar ba abin da ya same shi.

Matarsa ta shigo kawo masa abinci, ta tarar da shi yana juya wayar a hasken taga.

"Malam, me kake ɗinkawa haka?"

Ya gaya mata. Ta ajiye kwanon a hankali.

"To ka faɗa wa Baba Kafinta mana in ya dawo."

"In faɗa masa me? Ai na gyara. Duba ki gani, kin ga wurin?"

"Ban gani ba. Shi ya sa ma nake tsoro."

"Ke dai ba ki san aikin ba."

"Kai ma ba ka san shi ba, Malam. Riga ka sani."

Tela ya ɗauki injin ya fita. Ya ƙarasa rumfarsa, ya goge injin tas da tsumma, ya naɗe wayar yadda wurin ɗinkin zai shige can tsakiya. Da yamma ya tsallaka da shi.

"Har an gama?" in ji Kafinta. "Bai ba ka wahala ba?"

"Lafiya lau."

"Madalla."

Ya karɓa ya rataye, ko kallon wayar bai yi ba. Suka koma benci suna duban sabuwar rumfa, Kafinta yana cewa ta karkace, Tela yana cewa idonsa ne ya karkace.

Ban tuna ko kwana goma aka yi ko sati biyu ba. Na dai tuna an yi ruwa a tsakani, kuma rumfar ta yi aikinta.

A layin akwai wani mai gyaran famfo da ake kira Dogo. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, mahaifiyarsa ma tana hannunsa. Mutum ne mai yawan gaisuwa, in ya fara gaishe ka sai ka nemi wurin zama. Wata safiya ya zo ya ari injin, zai huda bangon banɗaki a wani gida ya wuce da bututu.

Tela yana kan keke ya ga Dogo ya fito daga ɗakin kayan da injin a kafaɗa, wayar tana lilo a bayansa. Ƙafarsa ta tsaya a kan keken. Ya san aikin Dogo. Ya san ba ya rabuwa da ruwa. Kuma duk duniya babu wanda ya kai tela sanin abin da yadi yake yi in ya ga ruwa.

Ya ɗaga murya.

"Dogo."

"Na'am, Baba Tela. Ina kwana? An tashi lafiya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau. Zo mana."

Dogo ya matso har bakin rumfa. A tsallaken titi Kafinta yana tsaye yana kallonsu, yana murmushi. Mai gyaran wuta ma ga shi nan tafe a kan kekensa. Tela ya dubi injin, ya dubi abokinsa.

"Wandon nan naka," in ji shi, "ka zo jibi ka karɓa."

"To Baba, na gode. Allah ya ƙara girma."

Dogo ya wuce.

Kafin azahar labari ya iso layin. Banɗakin da Dogo yake aiki ruwa ya kwanta a ƙasansa, don ya riga ya kwance tsohon bututu. Wayar tana kwance a cikin ruwan tun safe. Da ya zo matsawa gaba, sai ya sa hannun dama ya jawo ta, ya kama daidai wurin ɗinkin. Wuta ta riƙe shi. Matar gidan ce ta ji wani irin gurnani, ta ruga ta kashe wutar gidan gaba ɗaya. Da ta daɗe kaɗan da ba wannan labarin nake ba ku ba.

Aka kai shi asibiti. Ya rayu. Amma tafin hannunsa ya ƙone sosai, kuma likita ya ce yatsu biyu sai abin da Allah ya yi.

Matar gidan ta aiko wa Kafinta da injinsa a cikin buhu. Ya shiga ɗakin kayan da shi, ya rufe ƙofa, ya daɗe a ciki. Da ya fito sai ya sa kwaɗo ya kulle ɗakin, ya tafi asibiti.

Washegari mahaifiyar Dogo ta zo. Tsohuwa ce ƙarama, ba ta da hayaniya. Ta tsaya a ƙofar Kafinta, mutane suna ji.

"Malam, ɗana ya ce wayarka ce. Ya ce a wurinka ya karɓa, bai ajiye ta ko'ina ba."

"Haka ne, Inna."

"Kai da ake cewa ba abin da yake shiga ɗakinka sai ka duba?"

"Wannan ban duba ba."

"Da hannun nan yake ciyar da mu shida."

"Na sani, Inna. Daga ɗakina ya fita. Ba ni da abin cewa."

Ta tsaya tana kallonsa, kamar tana jiran ya kare kansa don ta sami abin kamawa. Ba ta samu ba. Ta juya ta tafi tana share ido da gefen mayafi.

Tela yana cikin shago, bayan labule. Duk ya ji.

Daga ranar magana ta juya a layin. Waɗanda Kafinta ya taɓa tsayarwa suka sami bakin magana. Wani ya ce ashe duk binciken nan na ganin ido ne. Wani ya ce tsufa ne, idonsa ya mutu, bai kamata ya riƙa ba da kayan wuta ba. Wasu suka rage gaishe shi. Wanda ya zo aron tsani kuwa sai ya tarar da kwaɗo.

Abin da ya fi damun Tela shi ne, Kafinta bai fasa zuwa benci ba. Kullum da yamma zai tsallako ya zauna, ya ce, "Mai Allura, ya aiki?" Su yi maganar ruwa, su yi maganar tsadar katako. Tsokana ce kawai ta ɗauke. Ya rame, rigarsa ta fara yi masa yawa a kafaɗa, kuma Tela ne ya ɗinka rigar, ya san awonta.

Aiki ya fara ɓaci a hannun Tela. Ya haɗa wa wani hannun riga a juye. Ya yanka yadin wata mata bai kai ba. Abinci in an kawo sai a ɗauke shi yadda aka kawo.

Wata safiya matarsa ta tare shi zai fita.

"Malam, jiya na je na duba matar Dogo."

"To."

"Ta ce mini ba za ta taɓa yafe wa Baba Kafinta ba. Ina zaune, na kasa ɗaga kai. Ni ma ka sa ni a ciki."

"Me kike so in yi? Abin da ya faru ya faru. In na yi magana yanzu hannun zai dawo?"

"Hannun ba zai dawo ba. Amma bawan Allahn nan yana ɗauke da kayanka, kana kallo, har kana ba shi benci ya huta. Ni shekara talatin da biyu ina gidanka, ban taɓa jin kunyar a ce ni matarka ce ba sai yanzu."

Ta koma ciki. Tela ya daɗe a tsaye da makullin shago a hannu. Bai buɗe shagon ba. Ya tsallaka titi.

Ya sami Kafinta a kan tabarma a ƙofar gida. Ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarmar ba.

"Ina da magana."

"Ina jin ka."

"Wayar nan. Ni ne. Kwano ya yanke ta ranar da na yi rumfa. Na ɗinke ta, na kawo maka, na ce lafiya lau."

Kafinta ya sa hannu a aljihu. Ya fito da wani guntun waya, bai fi tsawon yatsa ba. Ya yanko shi daga jikin injin. Gefe ɗaya ya ƙone, amma ɗaya gefen ɗinkin yana nan, ƙanana-ƙanana, a jere. Ya ajiye shi a tsakaninsu.

"Riga nawa ka ɗinka mini a duniya?" in ji shi. "Ko a duhu na shafa na san hannunka."

Tela ya sunkuyar da kai.

"Tun ranar ka sani?"

"Tun ranar."

"Kana ji ana zaginka, ba ka faɗa ba?"

"In na faɗa, na wanke kaina, kai kuma na rufe maka ƙofa. Da bakinka ne kaɗai zai yi amfani. Kullum in na zauna a bencin nan ina cewa yau zai faɗa. Na kusa gajiya, ban ɓoye maka ba."

"Ka yafe mini."

"Tsaya tukuna. Abin da na gaya wa Inna ba ƙarya ba ne. Ban duba ba. Na kafa ƙa'ida don kada wani ya cutu, sai na cire ka daga cikinta don ina jin nauyinka. Na ɗauka girmama ka nake yi. Da na bi wayar nan da yatsa minti ɗaya, da kai ka ji kunya na yini guda, Dogo kuma yana da hannunsa. Wannan nawa ne, ina ɗauke da shi."

Ya miƙe da ƙyar, ya gyara hularsa.

"Nawa da naka mai sauƙi ne, za mu yi shi daga baya. Ba ni ne na ƙone ba. Tashi mu je."

An riga an sallami Dogo. Suka same shi a tsakar gida, zaune a kan kujera, hannun a naɗe an rataye masa a wuya. Mahaifiyarsa tana gefe. Da ta ga Kafinta sai ta kau da kai. Dogo duk da haka ya fara gaisuwarsa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki.

Tela ya tsugunna a gabansa, dattijo mai furfura a gaban sa'an ɗansa. Ya faɗi komai. Kwanon, labulen, baƙin yadin, kakin kyandir. Bai rage ba, bai kuma ce kuskure ne aka samu ba. Ya ce, "Na ɓoye ne don kada a ce na ɓata abin aro."

Matar Dogo ta fito daga ɗaki ta tsaya a bakin ƙofa.

Can Dogo ya ce:

"Baba Tela, ranar nan da ka kira ni. Maganar wando ce ta sa ka kira ni?"

"A'a."

"Ka so ka faɗa mini."

"Na so."

"Ina tsaye a gabanka. Injin yana kafaɗata."

"Haka ne."

Dogo ya gyaɗa kai a hankali. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Da cewa ka yi, Dogo, a kula da wayar nan, ko dalili ba zan tambaye ka ba."

Tsohuwar ta juyo ta dubi Kafinta.

"Malam, na je har ƙofarka na ci maka mutunci a gaban jama'a."

"Ɗanki ne, Inna. Ko ni ne abin da zan yi ke nan."

Sannan ta dubi Tela. Ta ce, "Kai kuwa ban san abin da zan ce maka ba." Ta tashi ta shige ɗaki.

Tela ya ce, "Ban zo don a ce an yafe mini ba. Na zo in ji abin da zan yi."

"Me za ka yi, Baba?" in ji Dogo. "Mutanen da nake yi wa aiki sun fara kiran wani. In na yi wata uku a zaune, babu wanda zai tuna da ni. Kaina ya san aikin, hannun ne babu."

Tela ya dubi nasa hannuwan.

"To ga nawa. Ba su san famfo ba, amma suna jin magana."

Dogo bai amsa ba a ranar. Suka yi sallama suka fito. Da suka iso layi, Kafinta ya zaro makulli ya buɗe kwaɗon ɗakin kayan. Tela kuma ya bi shago-shago, har da na mai gyaran wuta, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Wasu suka yi masa gori, kuma ya tsaya ya ji.

Bayan kwana huɗu, da sassafe, Dogo ya tsaya a bakin shagon Tela da jakar kayan aiki a hannun hagu. Bai yi doguwar gaisuwarsa ba.

"Akwai tanki yana yoyo a bayan makaranta. In za ka zo."

Tela ya rufe shago ya karɓi jakar.

Haka suka yi wata biyar, ko shida. Da safe famfo, da yamma ɗinki. Na taɓa shiga wani gida na same su da idona. Tela yana durƙushe a ƙarƙashin wurin wanke hannu, rigarsa ta jiƙe har ƙirji, gwiwoyinsa a cikin ruwa, yana fama da sifana. Dogo yana tsaye a kansa.

"Dama, Baba. Hagu kwancewa ne."

"Ai damar nake yi."

"Damarka, ba tawa ba. A hankali, ba maɓalli kake ɗinkawa ba."

Mai gidan ya ja ni gefe ya tambaye ni wane ne wannan tsoho da Dogo yake wahalarwa haka. Na ce masa tela ne. Ya ɗauka wasa nake yi.

Ban san ranar da Dogo ya yafe ba, ban ma sani ba ko ya taɓa furtawa da baki. Na dai san gaisuwarsa ta riƙa ƙara tsawo kaɗan-kaɗan, har ta koma yadda take. Mahaifiyarsa kuwa ta fi shekara ba ta amsa gaisuwar Tela.

Hannun ya warke, ya koma aikinsa shi kaɗai, mutanensa ba su watse ba. Amma ƙaramin yatsa da na kusa da shi ba su ƙara lanƙwasawa ba. Ranar da zan bar layin ya zo ya yi mini sallama, ya miƙo mini hannu muka gaisa. Yatsu uku ne suka riƙe ni.

Darasi: In ka ari abu ya lalace a hannunka, ka mayar da shi tare da gaskiyarsa. Lahanin da ka faɗa, kunya ce ta ɗan lokaci. Wanda ka ɓoye kuwa yana nan yana jiran wani bawan Allah da bai san komai ba. Kai kuma mai ba da aro, ka duba kayanka ko daga hannun amininka suka dawo, ba don ba ka yarda da shi ba, sai don wanda zai karɓa bayansa. Ku tura wannan ga maƙwabtanku da 'yan'uwanku, musamman waɗanda kuke aro a tsakaninku. Wataƙila akwai wanda yake da wata magana a bakinsa yau, bai faɗa ba tukuna.